Babana, Ga Lissafin Karatun da Ka Zaɓa



Na sa wannan takarda a ƙasan jakarka, ƙarƙashin sallaya, don ka same ta bayan ka sauka Samaru ka huta. Ka san yadda muke. Kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina da kake ɗauke da shi, kunya ba ta barina in zaunar da kai mu yi doguwar magana. To yau biro zai faɗi abin da baki ya kasa.

Ranar da sunanka ya fito a sashen injiniyancin injuna na Jami'ar Ahmadu Bello, kawunka ya tambaya a gabanka ko nawa wannan karatu zai kawo gida. Na ga ranka ya ɓaci. Kada ka riƙe shi a zuci, tambayarsa tana kan hanya, kuma ni ma na daɗe ina juya ta.

Ga lissafin yadda na san shi. Karatun shekara biyar ne, in ba a yi yajin aiki ba, kuma ka tuna na 2022 ya ci wata takwas cur. Daga nan shekara guda ta bautar ƙasa, a kan alawus na naira 77,000, wanda kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024. Bayan wannan sai ka yi wajen shekara huɗu kana aiki kafin hukumar COREN ta yi maka rajista, ka zama injiniyan da sa hannunsa ke da nauyi. Ka haɗa su, shekara goma ke nan. Abokanka da suka shiga kasuwa bana, ko suka kama koyon sana'a a Panteka, za su riga ka riƙe kuɗi. Wasu za su riga ka aure, wani ma zai ɗauke ka a motarsa kana tsaye a bakin titi da fayil a hannu. Ina gaya maka tun yanzu don kada ranar ta zo ka ɗauka ka yi zaɓen banza. Ka yi musu murna har zuci, kowa da lokacin da Allah ya rubuta masa.

A zamanin ƙuruciyata wannan tambaya ba ta da wuyar amsa a Kaduna. Masaƙa ta farko ta buɗe a Kakuri tun 1957, wasu suka biyo bayanta. Kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, kekuna sai su toshe hanya. Injiniya a lokacin, kafin ya karɓi kwalinsa aiki na jiransa, wani har da gida da mota. Ni da na shiga masaƙa a matsayin fita mai gyaran inji, farar hular kwanonsu kawai nake kallo ina cewa wata rana ɗana zai sa ta. Masaƙun nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya, kai ma ka ga ciyawar da ta cinye harabarsu. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka aza harsashinsa tun kafin in yi aure, har yau bai kammalu ba. Wanda duk ya ce maka kwali kaɗai zai buɗe maka ƙofa kamar dā, labarin wancan zamani yake ba ka.

Amma inji bai ƙare a ƙasar nan ba, wuri ya sauya. Akwai matatar Ɗangote a Legas mai tace ganga 650,000 a rana. Akwai siminti a Obajana da Ashaka da Kalambaina. Akwai aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, ta nan Kaduna. Ga kamfanonin casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, ga famfunan sola da manoman rani suka runguma, ga masu mayar da motoci su koma shan gas tun da aka cire tallafin mai a 2023. Albashi mafi tsoka yana ɓangaren mai da gas, amma ƙofarsa ƙarama ce kuma masu layi da yawa. Ka nema, kada ka raina kanka, sai dai kada ka zauna gida shekara uku kana jiranta alhali wani kamfanin shinkafa yana neman mai kula da tukunyar tururinsa.

Bari in gaya maka abin da ake biya, don na gani da idona. Ni in na kara kunne a jikin inji ina iya ce maka boris ɗin nan ya kusa mutuwa. Injiniyan kirki yakan faɗi dalilin da ya sa yake mutuwa duk bayan 'yan watanni: ko nauyin ya fi ƙarfinsa, ko zaman sandar ya karkace, ko zafi ne ke cinye maiƙon. Sai ya zauna ya lissafa wa mai kamfani asarar da tsayuwar awa ɗaya ke jawowa, ya nuna masa gyaran da zai hana ta. Wannan lissafin shi ne tazarar da ke tsakanin ladana da albashinsa. Na kuma ga masu kwali da ba sa iya riƙe sifana, suna tsoron maiƙo ya taɓa rigarsu. Leburori ba sa jin maganarsu, kuma mai kamfani ba ya daɗewa bai gane ba.

A nan hankalina yake kwance da kai. Tun kana ƙarami in ka kwance rediyon mahaifiyarka, kusoshin kake jerawa a murfin gwangwani bisa tsarin da ka cire su, kuma ba ka tashi sai rediyon ya yi magana. Ba ka taɓa ce mini ka gyara abu alhali lallaɓa shi ka yi ba. Wannan hali ya fi ƙwaƙwalwarka tsada, ka riƙe shi. A aikinku ƙarya tana iya cin hannun mutum, tana iya cin ransa.

Abin da nake jin tsoro kuwa, a wurina ka gaje shi. Kana jin nauyin faɗin kuɗin aikinka. Na ga yadda kake gyara wa 'yan unguwa janareta, in an ce nawa ne sai ka sunkuyar da kai ka ce a bar shi. Haka na rayu. Bayan an rufe masaƙa na buɗe rumfar gyara, aiki bai taɓa yanke mini ba, amma ban iya kiyasi ba, ban rubuta bashi ba, kuma ina jin kunyar bin wanda ya riƙe mini haƙƙi. Haushin da ya kamata in kai ƙofar mai bashi, gida nake kawo shi. Kun sha faɗan da ba ku yi laifinsa ba, kai ka fi kowa sha, don kai ne babba. Shekarar da aka koro ka saboda kuɗin makaranta, akwai ninkinsa a hannun mutane, na kasa buɗe baki in karɓo. Ka yafe mini wannan, Babana.

Don haka in an zo darasin tattalin arziki da sarrafa ma'aikata, kada ka ɗauke shi cikon benci. Ka koyi rubuta kiyasi, ka koyi ba da rasit, ka koyi faɗin farashi kana kallon idon mutum. Kyauta tana nan, ka yi wa marayu da tsofaffi da masallaci aiki don Allah, amma ya zama kai ka zaɓa, ba kunya ta zaɓa maka ba. Ka ƙware a zane da kwamfuta, don yanzu ba a ɗaukar wanda bai iya ba. In lokacin SIWES ya zo, wata shidan nan na koyon aiki, ka nemi inda injuna ke juyawa ko da ba sa ba da ko sisi, ni zan ɗauki kuɗin motarka. Ka gaishe da makanikai da masu walda da girmamawa, ka tambaye su, sun san abin da ba a rubuta a littafi ba.

Kawunka zai samu amsarsa, in sha Allahu, amma ba ina tura ka ba ne don ka biya ni. Kuɗin rajista na bana na haɗa shi, na baɗi ma ina kan tanadi, kada tunaninsa ya hana ka barci. Ka kula da sallah a kan lokaci, ka ci abinci, ka riƙa kiran mahaifiyarka ranar Juma'a, don ba za ta ce maka tana jira ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka.