Me Ka Canza Kafin Ta Fara?

Saura minti goma a tashi wasa, ina gaba da ci biyu da ɗaya, ɗakinmu na hostel ya cika maƙil har bakin ƙofa, sai allon laftop ɗina ya yi baƙi ƙirin. Muryar mai sharhi ta maƙale a kan kalma ɗaya kamar tsohon kaset. Can sai allon ya dawo, amma FIFA 19 ta rufe kanta. Abokin karawata ya ɗaga hannu sama ya ce, "Allahu akbar, addu'ar uwa ce!"

Aka yi dariya, har da ni. Amma washegari abin ya sake faruwa, kuma a rana ta uku shuɗin allo ne ya bayyana, kwamfutar ta kashe kanta ta kunna. A nan dariya ta ƙare. Laftop ɗin nan Yayana ne ya saya mini ta hannu da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, bisa sharaɗin karatu zan yi da ita. A cikinta furojet ɗina yake, babi huɗu cur, saura mako biyu in miƙa wa malami, ba ni da kwafi ko ɗaya a wani wuri.

Kun san hostel ba a rasa likitoci. Wani ya ce bairos ne. Wani ya ce, "Kai dai a yi mata fomatin kawai a huta." Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, ya juya ta, ya shinshina wajen fanka, ya ce katin hoto ya ƙone, sai an canza bod gaba ɗaya. Kuɗin da ya ambata ya kusa rabin farashin laftop ɗin. Na dawo jiki a sanyaye, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Yaya cewa garin buga ƙwallo na ƙona masa dukiya.

Akwai wani ɗan HND 2 a sashen kimiyyar kwamfuta da muke kira Injiniya. Bayan sallar isha'i na tare shi na zayyana masa komai. Ko taɓa laftop ɗin bai yi ba. Ya ce, "Malam, kafin komai je ka kwashe furojet ɗinka a filash, ka tura wa kanka a imel." Da na dawo sai ya yi mini tambaya ɗaya: "Me ka canza kafin ta fara?"

Na ce ban canza komai ba. Ya yi shiru yana kallona. Sai na tuna. Kwana biyu kafin wasan, wani abokina ya kawo filash ya ce akwai sabon direban hoto a ciki, wai zai sa gem ya riƙa gudu kamar ruwa. Na ɗora shi a kan tsohon, ban ma duba ko na irin katina ba ne.

Ga waɗanda ba 'yan kwamfuta ba, direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne. Wata manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin gem da katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da kake gani a allo. Rubutu a Word ba ya wahalar da tafintan nan, shi ya sa furojet bai taɓa ba ni matsala ba. Gem kuwa sau da dama a kowace daƙiƙa yake neman sabon zane, to idan tafinta bai dace ba a nan asirinsa ke tonuwa.

Injiniya ya buɗe Event Viewer, ya shiga Windows Logs, sannan System. Ashe duk faɗuwar da ta yi a rubuce take, da rana da lokaci. Ga gargaɗi mai lamba 4101 a jere, yana cewa direban allo ya daina amsawa amma an farfaɗo da shi. Ya bayyana mini cewa tun daga Windows Vista akwai wani tsari da ake kira TDR: idan katin hoto ya wuce daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, Windows na tayar da direban daga farko. Wannan shi ne baƙin allon da ke zuwa ya tafi. Idan tayarwar ta gagara, sai shuɗin allo ya fito da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE. Sau da yawa akwai sunan fayil a ƙasansa: nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Ni kam da na ga shuɗi runtse ido nake yi, ashe kwamfutar bayani take mini ban karanta ba.

Na tambaye shi zancen ƙonewar kati. Ya ce in kashe in kunna, in zuba wa allo ido kafin Windows ta buɗe. Katin da ya lalace da gaske yakan nuna layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi, wani lokaci tun daga tambarin farko. Nawa fes yake. Wallahi sai a lokacin na ji numfashina ya dawo daidai.

Muka fara da hanya mafi sauƙi. A Device Manager, ƙarƙashin Display adapters, akwai maɓallin Roll Back Driver da ke mayar da kai kan tsohon direba. Nawa ya ƙi dannuwa. Don haka muka koma doguwar hanya. Na jira dare, lokacin da data ke arha, na sauke direban da ya dace daga shafin kamfanin da ya ƙera laftop ɗin, da ainihin lambar samfurin da ke manne a ƙasanta. Na kuma sauke DDU, wata manhajar kyauta mai share direban hoto har burbushinsa. Muka kashe intanet don kada Windows ta sauko da nata direban a tsakiyar aiki, muka shiga Safe Mode, muka share, muka kunna, muka sa sabon. Laftop ɗin kati biyu gare ta, ƙarami na ayyukan yau da kullum da babba na aiki mai nauyi, sai muka shiga saitin allo muka ɗaure gem ɗin a kan babban.

Na buga rabin awa lafiya lau, har na fara cika baki, sai ta sake ɗaukewa. Na ce shi ke nan, mai gyara ya yi gaskiya. Injiniya ya dubi inda na ajiye ta ya ce, "Ɗan uwa, a kan katifa kake kunna ta?" Muka sa GPU-Z muka ga zafin katin ya haura digiri 90. Katifa ta toshe ramukan iska, ƙurar hunturu kuma ta yi dam a fanka kamar auduga. Muka kwance murfin ƙasa, muka share da ƙaramin burushi, na ɗora ta a tebur na tokare bayanta da littafi. Zafin ya sauko saba'in da wani abu. Ashe ciwo biyu ne, ɗaya ya ɓoye a bayan ɗaya. Da mun canza komai a lokaci guda da ba mu gane ba, shi ya sa ya nace sai an gyara abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba.

Har yau in na tuna saura ƙiris in yarda a yi fomatin, babi huɗu su bi ruwa saboda laifin da ni na jawo da hannuna, sai gabana ya faɗi. Yanzu in wani ya kawo mini kukan kwamfutarsa, tambayar Injiniya nake fara yi masa, kuma kusan kowa cewa yake bai canza komai ba, sai an yi shiru an kalle shi.

Furojet dai na miƙa a kan lokaci. Yaya bai ji labari ba, sai dai in mujallar nan ta faɗa hannunsa, in kuwa ta faɗa, Yaya a yi haƙuri. Wasan da aka katse kuma mun sake shi ranar Asabar. Allo bai ko ƙifta ba har aka tashi, aka lallasa ni uku da ɗaya, na waiga ban ga direban da zan ɗora wa laifi ba.