Wa Zai Ta Da Maigadi?

A Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, a kan hanyar Minna zuwa Zungeru, akwai wani saurayi da ke riƙe wa 'yan doya lissafin adashinsu a wata tsohuwar kwamfuta. Ko da yake Jihar Neja ce mai madatsun Kainji da Shiroro, wuta takan ɗauke a unguwarsu, sabo da haka ya saba rufe murfin na'urar ta yi barci don tanadin batir, in wani ya kawo zubi ya tashe ta.

Tsarin da ke tafiyar da na'urar shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland cikin 1991. A can tsakiyarsa akwai ƙwaya, watau sashen da ke raba wa kowace manhaja lokaci da wurin aiki, wadda in ta cije kome sai ya tsaya cik. Don haka aka sa mata maigadi. Bisa yadda aka saba saita shi, yakan leƙa kowane sashe na ƙwaƙwalwar na'ura bayan sakan 4. Idan wani aiki ya kankane sashe har sakan 20 bai ba wani dama ba, sai ya rubuta inda abin ya faru. In kuwa sashen ya daina amsa kira gaba ɗaya, wa'adinsa sakan 10 ne. Mai na'ura na iya ba shi iznin ya tsai da kome a sake kunnawa, kuma haka wanda ya sayar wa saurayin ya bar ta.

To, barci shi ne ya kawo rikici. In kwamfuta za ta kwanta, akan kashe sassan ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya a bar guda, gadin da ke kansu ya tsaya. In ta farka, wajibi ne a yi abu biyu: a mai da gadi a kan kowane sashe, a kuma sabunta wa maigadi lokacin da ya rubuta na ƙarshe. In an manta da na biyu, zai dubi agogo ya ga an daɗe ba motsi, ya yi kururuwar banza. In an manta da na farko, gida zai kwana a buɗe ba wanda ya sani.

Kururuwar banza ce ta fara samun saurayin. Da ya ɗaga murfi sai na'ura ta mutu ta sake tashi, abin da bai adana ba ya bi ruwa. Da abin ya ishe shi, sai ya nemi inda ake kashe maigadin ya kashe, ya ce ya huta.

Hutun bai yi nisa ba. Ranar kwasar adashi, dattawa na zaune kan benci suna jira, na'ura ta sandare. Ya kashe ya kunna, ta sake sandarewa. Ya bincika littafin da tsarin ke rubuta abin da ya same shi, bai ga ko layi guda a kan matsalar ba, domin mai rubutawar shi ne wanda ya sallama. Wani dattijo ya ce, "Yaro, kuɗin mutane fa ba abin wasa ba ne." Wannan magana ta fi masa duka zafi.

Da dare ya kwashe labari ya gaya wa mahaifinsa, wanda ya yi shekaru yana gadin wani sito. Tsoho ya saurara, ya ce, "Ni ban san injinka ba. Amma in na yi gyangyaɗi na farka, agogo nake fara dubawa, sa'an nan in zaga ƙofofi, kafin in busa usur. Wanda ya busa bai duba ba, gyara shi a ke yi. Kai kuwa korar sa ka yi, ba ka ɗauki wani ba."

Ya ce, "Baba, haka ne."

Washegari ya shiga Minna wurin wani abokinsa mai gyara, suka ɗora sabon tsari, suka mai da maigadi bakin aiki. Da na'ura ta sake cijewa, rubutun maigadi ya nuna manhajar da ke tuƙa allon hoto ce mai laifi, aka canza ta.

Yanzu ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk sa'ad da aka sabunta tsarin, sai ya kwantar da na'urar ya tashe ta sau da dama, ya duba ya tabbata maigadi ya farka tare da ita, domin ya gane shirun na'ura ba shaidar lafiya ba ne. Lissafin kuma yana kwafe shi a littafin takarda kowace Juma'a. Dattawa sun ci gaba da kawo masa zubi. Allah Ya ƙara rufa asiri, amin.