Ba Kowane Mai Faɗuwa a Dikte Ne Daƙiƙi Ba

Mu 'yan kasuwa muna da saurin yanke wa yaro hukunci. Da ya maimaita aji sau biyu sai mu ce ba shi da kan boko, a kai shi shago. Amma akwai yaran da Allah Ya ba basira, harafi ne kawai ke yi musu gardama. Likitoci na kiran wannan lalura disleksiya.

Autana yana cikinsu. Yakan juya naira zuwa sefa da ka kafin in lalubo waya, ya kuma haddace izu biyar ta hanyar sauraro. Amma a takarda b da d sukan rikice masa. Ga Faransanci cike da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, don haka kullum sifiri yake ci a dikte.

Da ya kai CM2 na nemi a sa sunansa cikin masu neman ajin musamman na sakandare, inda ake zaɓar masu ƙwazo a koyar da su da Faransanci da Ingilishi. Shugaban makarantarsu ya ce, "Alhaji, shekarunsa sun wuce, rubutunsa kuma ba ya karantuwa." Na ce, "Malam, a yi masa tambayoyin da baki mu gani."

Daga Banyo na bi ta Tibati da Ngaoundéré har Garwa, likita ya gwada shi, ya ba mu takarda. A can na ji labarin dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010, wadda ta tanadar wa yara masu lalura sassauci kan shekarun karatu. Da takardar da dokar na koma. Aka yi masa lissafi da baki, bai kuskure ko ɗaya ba. Yanzu sunansa na cikin jerin masu gwaji, saura sakamako, wannan kuwa na Allah ne.

'Yan'uwa, ni ban nemi a ƙara masa maki ba, dama kawai na nema. In ɗanka ko 'yarka na da kaifin baki da nauyin alƙalami, kada ka yi saurin ɗaukar bulala. A fara duba ido da kunne, a nemi takardar likita, sannan ka je makarantar da ƙafarka, kada ka aika. Shago ba ya gudu, shekarun karatu ne ke wucewa.