Turshin Alƙahira: Karas a Ruwan Gishiri

A tsofaffin unguwannin Alƙahira, daga kewayen masallacin Azhar da aka kammala a shekara ta 972 har zuwa Sayyida Zainab, hanci ne ke riga ido gano shagon turshi. Manyan durama ne jere a bakin ƙofa, cike da karas, kokwamba, barkono, albasa da lemun tsami, duk suna jiƙe cikin ruwan gishiri. Kalmar ta fito daga Farisanci, ma'anarta abu mai tsami.

Da safe mukan tsaya wurin mai amalanken ful, dafaffen waken da Misirawa ke karya kumallo da shi. Ba mu taɓa roƙon turshi ba. Tare da gurasa ake miƙo shi. Haka ma idan mun sayi ɗa'amiyya, ƴar uwar ƙosanmu. A watan azumi kuwa ciniki sai ya ninka, har ruwansa wasu ke kurɓa.

A ganinmu karas ya fi sauran jure wannan jiƙo, domin yana ɗaukar tsami ba tare da ya yi laushi ba. Ana yanka shi, a zuba gishiri kamar cokali 3 a lita ɗaya ta ruwa, a sa tafarnuwa da barkono, a danne shi ƙarƙashin ruwan, a rufe kimanin mako guda. Ƙananan halittu ne ke mayar da zaƙinsa tsami, kamar yadda kamun koko ke yi in ya kwana, kuma tsamin nan shi ke hana ruɓa. Masu gaggawa sukan ƙara ruwan khal, amma ɗanɗanonsa bai kai na haƙuri ba.

Sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, yawancinsa na nan bayan jiƙon. Rashin wannan bitamin ne ke kawo dundumi, kuma hanji ya fi tsotsar sinadarin idan abincin na da ɗan mai, kamar wanda ake zubawa a kan ful. Matsalar ita ce gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, saboda haka mai hawan jini ya ɗauraye yanka biyu ko uku, ya tsaya nan, ruwan kuma ya bar wa Misirawa.

Iyayenmu mata sun san yadda karas ɗin noman rani ke cika kasuwanninmu lokacin sanyi, ya yi araha, ya yanƙwane cikin ƴan kwanaki. Kwalba mai tsabta da murfi ta isa ta kai shi bazara.