Sallar da Dutsen Fako Ya Yi Aman Wuta

Mu mutanen Toranke ba mu saba da dutse ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi da gero da gyaɗa, idan ka tsaya a bakin gona sai idonka ya gaji bai ci karo da tudu ba. Da irin wannan idon na sauka Limbe, a gaɓar tekun Kamaru, wajen kawuna mai tukubar tsire. Dutsen Fako na tsaye a saman garin, tsayinsa ya haura mita 4,000, kusan kullum gajimare ya rufe masa kai. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wani abu mai rai a cikinsa ba.

Ƙarshen watan Maris na 1999, ana tsakiyar hidimar Babbar Sallah, ƙasa ta fara rawa. Cikin dare ne. Na ji kwanon rufi yana kaɗawa, ragon da muka ɗaure a tsakar gida yana fizgar igiya yana kuka. Kawu ya dafa ƙafata.

"Tashi, ɗana. Fita waje, kada ka tsaya neman takalmi."

Muka fito muka tarar da maƙwabta cirko-cirko, Musulmi na salati, Kirista na kiran Ubangiji da nasu harshen. Abin da ya fi tsorata ni shi ne rashin wurin gudu. Gobara kana iya tsere mata, ambaliya ka hau tudu. To ƙasar da kake takawa fa, ina za ka je ka bar ta?

Ranar 28 ga wata dutsen ya fashe ta gefensa. Dare ya yi ja. Toka ta riƙa sauka a kan tsiren da muka jera, ido na raɗaɗi, maƙogwaro na ƙaiƙayi, iska duk warin farar wuta. Na ce wa Kawu mu kama hanyar gida. Ya ce, "Wanda ya yi wutar shi ke riƙe da linzaminta. Rufe naman."

Narkakken dutsen bai zo da gudu ba. Sama da mako biyu ya yi yana gangarowa ta cikin kurmi da gonakin kwakwar manja, sai tsakiyar Afrilu ya iso titin Limbe zuwa Idenau, dab da ƙauyen Bakingili. An riga an kwashe mutanen ƙauyen zuwa Tiko. Na bi jama'a na je na gani, kuma har yau idan na rufe ido ina ganinsa. Na zaci ruwan wuta zan tarar yana malala. Abin da na tarar tulin baƙin dutse ne, ya fi soro tsayi, yana matsowa a hankali kamar an tura garwashin tukuba da hannu: sama baƙi, ciki jajawur. Duwatsu na ɓallowa daga samansa suna gangarowa da ƙara, kwalta na narkewa a gabansa. Bishiyar kwakwa za ta tsaya kore shar, ganyenta ya yanƙwane, sai kawai ta kama da wuta tun kafin ya taɓa ta. Zafin ya dake ni a fuska daga nesa. Wani dattijo ɗan ƙabilar Bakweri yana tsaye kusa da ni yana zubar da hawaye ba sauti, gonarsa na ƙarƙashin abin. Su a wajensu Efasa Moto ne, mai dutsen, ya yi fushi. Ni kuwa ayoyin Alƙiyama ne suka riƙa zuwa bakina. Saura 'yan ɗaruruwan mita tulin ya faɗa teku, ya tsaya.

A lokacin na ɗauka wani abu ne da bai taɓa faruwa ba. Wani malamin makaranta da ke sayen tsire wajenmu shi ya buɗe min ido. Ya ce dutsen ya yi amai a 1909, har Jamusawa suka bar hedikwatarsu ta Buea na ɗan lokaci. A 1922 wutar ta kai teku. Ya sake a 1959 da 1982. Wata safiya da gari ya washe ya nuna min wani tsauni can tsakiyar ruwa. Tsibirin Bioko ne, wanda dattawa ke kira Fanando Po, shi ma dutse ne mai aman wuta da ya taso daga ƙasan teku. Ya ce layi ɗaya ne: ya faro daga tsibiran Annobon da Sao Tome, ya bi ta Bioko da Fako, ya ratsa tafkin Nyos inda iska mai guba ta kashe mutum sama da 1,700 a 1986, ya miƙe har tudun Biu a Borno. A ƙarƙashin layin nan duwatsu na narkewa saboda zafi, su nemi tsaga su fito. Da ya ambaci Biu sai gabana ya faɗi, don nan ƙasarmu ce, duk da ya ce na can sun daɗe da yin sanyi.

Inna ta ji labarin a rediyo. Ba mu da salula a lokacin, sai kaset ta aiko ta hannun wani direba, rabinsa addu'a, rabinsa kuka, tana roƙon ɗan'uwanta ya sako mata ni. Mutanen Bakingili kuwa sun koma gidajensu, don ƙasar da tokar dutsen ta gina ba ta da na biyu wajen ayaba da makabo. Aka karkatar da titin ya zagaye baƙin tulin.

A watan Mayu na 2000 dutsen ya sake buɗewa. A wannan karon Kawu da kansa ya raka ni tasha. Shi ya zauna, kuma a Limbe aka yi masa sutura.