Kwana Biyu a Ladduga

Mun bar Kaduna da hantsi, ba da asuba ba kamar yadda na so, domin direban ya ce shi ba ya hawa hanyar Kachia sai rana ta ɗaga motoci sun fara kai-kawo. Ban yi masa musu ba. Kowa ya san abin da masu garkuwa da mutane suka mai da wannan hanya a 'yan shekarun nan. Muka wuce Kujama da Kasuwan Magani da Idon, muka sauka a mararrabar da ake kira Kurosin. Daga nan sai babur a kan jar ƙasa, har muka shiga Ladduga, makiyayar da gwamnati ta keɓe wa Fulani a ƙaramar hukumar Kachia, wadda ta ƙara cika da jama'a bayan rikicin zaɓen 2011.

Zumunci ne ya kai ni. Tun ina yarinya akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono gida, ta zama ƙawar mahaifiyata har mutuwa ta raba. 'Yarta ce ke aure a can, ita ma yanzu ta manyanta, Inna muke ce mata. Saƙo ya iske ni cewa ta ajiye ƙwarya, wai madara ta koma hannun maza. Na ce gani ya kori ji.

Washegari da sassafe na bi ta bakin garke. A wannan yanki maza ne ke tatsa. Yaro ya kwance maraƙi daga dangwali, ya bar shi ya ɗan tsotsa don nonon ya sauko, sannan ya janye shi, maigida ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Farar saniyar nan tamu ba ta da yawan nono. In ta ba da lita ɗaya ko biyu bayan rabon maraƙi, an gode Allah. A al'ada, da zarar an gama tatsa sai maigida ya raba wa matansa, kuma daga lokacin da ƙwarya ta shiga hannun mace, bakinsa ya fita. Ita ke ɗibar na yara, ta kwantar da saura ya yi tsami, ta kaɗa ta tsame mai, ta kirɓa fura, ta ɗora faifai a kan ƙwarya ta nufi kasuwa. Kuɗin nata ne. Da shi take sayen gishiri da manja da sabulu, ta yi adashi, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, in ta samu rara ta sayi tunkiya.

Amma ran nan ba a raba ba. An juye mafi yawan madarar a wani tulun ƙarfe mai murfi, babban ɗan gidan ya ɗaure shi a bayan babur ya kama hanya. Abin da aka miƙo wa Inna bai cika ƙaramar ƙwarya ba.

Na bi yaron har wurin tara madarar. Gaskiya wurin ya burge ni: ana gwada kowane tulu a ga ko an ƙara ruwa ko ya fara tsinkewa, a auna, a juye a tankin sanyi kafin motar kamfani ta zo. Sai na roƙi malamin wurin ya nuna mini littafin rajista. Na bi shafi bayan shafi, sunayen maza ne jere, na mata ba su kai a ƙirga ba. Malamin bai ga abin mamaki ba. Ya ce da aka zo kafa ƙungiya, masu shanu aka nema, Ardo ya tara magidanta. Horo kuma a gari aka yi shi, na kwanaki, wace matar aure za ta je ta kwana? Biya kuma ta asusun banki ne, mai waya da katin ɗan ƙasa shi ke da asusu. Madara kuwa ba ta jira, dole ta iso kafin rana ta yi zafi, sai mai babur. Babu wanda ya zauna ya ƙulla ƙwace wa mata sana'arsu, amma kowane mataki da aka ɗauka, namiji ya dace da shi.

Da yamma muna zaune a kan tabarma na ce, "Inna, ai ko ba komai kin huta da tafiyar ƙasa."

Ta ce, "Na huta, 'yata, wuyana ya daina ciwo. Amma da can ban taɓa tambayar maigida kuɗin sabulu ba. Yau sai na jira ya dawo, in duba fuskarsa tukuna." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da abin da ni ban yi tunani a kai ba: wanda ya sayar da ɗanyar madara ya sayar har da man da ke cikinta, da ribar furar da za a dama. Ga shi har cikin garken akwai shanunta na sadaki, nononsu na tafiya a tulu ɗaya da sunan wani.

Maigidan ma na saurare shi, dattijo ne mai kunya. Ya ce, "Hajiya, kuɗin ba ci nake ba. Dusa nake saya da rani, da maganin sammore." Na yarda da shi, shanun sun yi kyau. Sai dai abin da ya tafi wurin dusa, daga tukunyar miya aka cire shi, da kofin yara.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun farkon shekarun 1980 wata mai bincike, Ann Waters-Bayer, ta zauna da Fulanin Abet kusa da Zonkwa, ba nisa da Ladduga, ta rubuta cewa sarrafa nono da cinikinsa harkar mata ce, kuma abin da suke samu a tallarsu ya fi abin da masana'anta ke biya. Littafinta ya fito a 1988. Daga baya, a 2019, Babban Bankin Najeriya ya matsa wa masu shigo da madara lamba su zuba jari a gida, kamfanoni suka bazama rugage. A 2024 aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Duk wannan abin so ne, ƙasar da ke kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara wajen sayo madara daga waje dole ta nemi mafita. Abin da ke ci mini rai shi ne ana ƙirga lita, ba a tambayar aljihun da kuɗin ya faɗa.

Kafin in taso, Inna ta sa jikanta ya kai ni wata ruga inda mata suka haɗa kai aka rubuta sunayensu. Suna biyan yaro ɗaya ladan kai tulu, kowace da katinta, kuma sun yanke wa kansu cewa ba a juye madara sai an cire ta yara. Da damina, lokacin da nono ke yawa har ya rasa mai saye, suna kai wa kamfani. Da rani, in ya yi tsada, su koma ƙwaryarsu. Babu malamin da ya koya musu wannan lissafi.

Na dawo Kaduna da kwalbar man shanu da Inna ta matsa sai na karɓa, na san kuwa ba ta da wata. Ina roƙon duk mai shirin kafa wurin tara madara, gwamnati ne ko kamfani: in kun gaisa da Ardo, ku nemi izini ku shiga cikin gida, ku rubuta sunan mai ƙwarya, ku biya ta a hannunta.