Allon sulu ba shadda ba ne, sai an hau

Mu 'yan kasuwa da hannu muke sanin kaya. Ka murza shadda, ka ɗaga ta a haske, ka san kuɗinta. To akwai hajar da hannu ba ya gane ta, kuma ɗana ne ya jefa ni cikinta: allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a yi sulu a kan dusar ƙanƙara, waɗanda Turawa ke kira siki, Turkawa kuma kayak.

Shekara tara ke nan da na baro Garwa na zauna Istanbul ina aika wa mutanenmu kaya. Makarantar yaron ta sha kai su dutsen Uludag da ke saman Bursa, garin masaƙu da wasunku suka sani. Bana sai ya matsa mini: "Baba, a saya mini nawa." Har ya zaɓi wasu jajaye a intanet. Na ce masa ba a cinikin biri a sama.

A watan Janairu muka hau dutsen, muka yi hayar kala uku a yini guda. Dukansu tsawonsu ɗaya, daga ƙasa zuwa hancinsa. A idona babu bambanci sai fenti. Amma mai shagon ya nuna mini lambobin da ke jiki. Ɗaya faɗin tsakiyar allon ce: mai milimita 75 na hanyar da aka daddaɓe ne, wanda ya kai 100 kuma na dusa mai zurfi ne, don kada ya nutse. Ɗaya kuma faɗin kwanar da allon ke sha: mai mita 13 nan da nan yake juyawa, mai mita 18 sai an ba shi fili. Sai tauri, wanda ba a rubuta ba, ƙafa ce kawai ke faɗa.

Na sa ya gwada su a gangare guda, ɗaya bayan ɗaya, kafin azahar, domin dusar safe tauri gare ta, in rana ta yi sai ta saki, gwajin ya ruɗe. Irin jajayen nan da yake mafarki su ne suka fi ba shi wuya. Sun yi masa tauri, ga shi ba nauyi, yana son kwana suna son miƙewa. Sau biyu yana faɗuwa ina kallo daga ƙasa, gabana na faɗuwa tare da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba allon ba ne, maɗaurin takalmi ne. Ana saita shi da nauyin mutum, tsawonsa, shekarunsa, girman takalminsa da gwanintarsa, don in ya faɗi allon ya saki ƙafar kafin gwiwa ta murɗe. Wanda ya saya a intanet, wa zai saita masa wannan?

Da yamma yaron da kansa ya ce masu laushin, wasu marasa kyan gani, su suka bi ƙafarsa. Ko su ɗin ban saya ba. Shekarunsa goma sha huɗu, baɗi ya fi haka tsawo, ga sulun nan daga Disamba zuwa Maris ne kawai. Hular kwano na saya masa da safar hannu, muka rubuta lambobin allon a waya saboda hayar gaba. Uwarsa kuwa da ta ga bidiyon faɗuwar, kwana biyu ba ta yi mini magana ba.